A Saita Fitilar Babur Kafin a Sayi Sabon Ƙwai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana masu babur a nan Kumasi, musamman matasanmu na Aboabo da Asawase da Sawaba waɗanda ke kan titi har bayan sallar isha'i. Da zarar ɗayansu ya ga hanya ba ta fito masa sosai da dare, sai ya garzaya wurin mai kayan gyara ya sayi farin ƙwan LED, wani ma ya ƙara ƙananan fitilu a gefe, alhali sau da yawa ƙwan da ya cire lafiyarsa ƙalau, fitilar ce kawai take kallon inda bai kamata ba.

Masana'anta ta ƙera kwanon da ke bayan ƙwan ne domin ya tattara hasken da ke fitowa daga siririyar wayar ƙwan halojin (irin ƙwan da babur ya saba zuwa da shi), ya zuba shi a kan kwalta, ya kuma yanke shi daga sama idan an sa dim. Ƙwan LED mai araha ba ya fitar da haskensa daga daidai wannan gurbin, don haka hasken yakan watsu, ya hau allunan talla da idon mai tahowa, ramin da ke gaban taya kuma ya zauna cikin duhu. Wanda ya sa ƙwai mai wat 55 a inda aka tanadi wat 35 kuwa, yana iya narkar da soket da robar kwanon, kuma a ƙananan baburan da fitilarsu ke shan wuta kai tsaye daga kwayil, ba lallai ne ma ƙwan ya kama sosai ba.

Saitin ba ya cin ko sisi. A tsayar da babur a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 5 daga bango, tayoyinsa da isasshiyar iska, mai shi kuma yana zaune a kai. A auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, a ja layi da alli a bango daidai wannan tsayin, sannan a kunna dim. Ya kamata bakin hasken na sama ya sauka ƙasa da layin da kimanin santimita 5. Idan ya haura, sai a sassauta notin da ke riƙe da fitilar ko a juya sukurun saiti har ya sauko, a ɗaure da kyau, domin gargadar hanyoyin unguwanninmu tana kwance noti cikin ɗan lokaci. Abin da aka fi mantawa shi ne nauyin baya: idan aka goya babban mutum ko aka ɗaure buhun masara, bayan babur yakan zauna, gabansa ya ɗaga, dim ɗin ya koma tamkar ful. Wanda aikinsa ɗaukar kaya ne ko mutane, to da nauyin a kai ya kamata ya yi awon.

Dalilin da ya sa na damu shi ne, mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Direban da aka kashe wa ido na daƙiƙa biyu a hanyar Offinso ya yi tafiyar fiye da mita 30 bai ga komai ba, kuma mai babur ɗin da ya haske shi ne mafi kusa da shi, ba shi da ƙarfen da zai kare shi. A lokacin hunturu lamarin ya fi muni, saboda hazo yana maido wa mutum hasken ful a fuskarsa, ƙura kuma tana rufe gilashin fitilar, wanda tsumma mai ɗan ruwa ya isa ya gyara. Kuma kada a taɓa gilashin ƙwan halojin da yatsu, domin maiƙon hannu yana rage masa kwana.

Na san hukumar kiyaye haɗurran hanya ta NRSA da 'yan sandan kula da zirga-zirgar ababen hawa na MTTD sun sha jan kunne a kan fitilun da doka ba ta amince da su ba, amma a ganina kame kaɗai ba zai koya wa yaro saiti ba. Ina kira ga iyayenmu masu garejin babur, daga Suame Magazine, unguwar makanikai, har cikin zango, da su ware bango ɗaya mai layin awo, kada su bar babur ɗin da aka canza wa ƙwai ya fita sai an gwada shi a wurin, su kuma koya wa yaran shagonsu yin haka. Hukumar DVLA, mai ba da lasisin tuƙi da gwada lafiyar ababen hawa, ita ma ta riƙa duba inda hasken yake sauka a lokacin gwajin lafiyar babur, domin ganin cewa fitila tana kamawa bai wadatar ba.

Wassalam,
Mai karatunku daga Aboabo, Kumasi