Godiya ga Sashen Kula da Abinci da ya riƙe ni bayan aikin rage tumbi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranar Talatar da ta wuce na hau ma'auni a ofishinku na ga kilo 91, sai na ce yau kam zan rubuta takardar nan da na daɗe ina ɗagawa. Hajiya shugabar sashe ta roƙe ni kada in sa sunan kowa, na kuwa kiyaye, amma duk wanda ya taɓa zaman jira a bencin ƙofar ofishinku a asibitinmu na Kano ya san da wa nake.

A watan Nuwamban 2023 aka yi min aikin rage tumbi a Alƙahira. Lokacin nauyina kilo 128, ga ciwon suga, ga gwiwoyin da suka hana ni sujada, sai a kujera nake salla. Likita ya cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin, abin da ya rage bai wuce siffar ayaba ba. Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Aka sallamo ni da takardar abinci shafi huɗu, rabin abin da ke ciki ban taɓa ganinsa a Kasuwar Rimi ba. Na dawo gida ko ruwa ina tsoron sha.

Ranar da na fara zuwa wajenku, Malama mai ba da shawarar abinci ta karanta takardar tsaf, ta ajiye ta gefe, ta ce, “Hajiya, me ake dafawa a gidanku?” Daga amsar da na ba ta aka tsara min komai. Makonni biyun farko ruwa-ruwa kawai: romon kaza da aka kwashe kitsensa, tataccen kunun gyada babu suga, kindirmo da aka dama ya tsinke. Mako na uku da na huɗu sai mai laushi, irin su alale marar mai da yawa, dafaffen kifi da aka murƙushe, da ƙwai. Tuwo kuwa sai da aka kusa wata biyu.

Maganar tuwon nan ita ta fi ba ni wuya. Mun tashi tuwo shi ne abinci, miya da nama 'yan rakiya. Kuka juya min abin: in fara da nama ko kifi ko wake ko awara, tuwo ya zo daga ƙarshe in da sauran wuri. Kuka ce jikina na bukatar furotin, wato sinadarin gina jiki, aƙalla gram 60 a rana, ƙwai ɗaya kuma bai wuce gram 6 ba, don haka in na cika ɗan tumbin da shinkafa, ƙarfina ne zai zube ba kitse kaɗai ba. Malama ta sa na zo da faranti da cokalin da nake ci da su, ta musanya min da ƙaramin farantin shayi da cokalin yara. A gabanta na ci loma shida cikin minti 20, tana cewa, “Tauna, kada ki haɗiye tukuna.”

Ruwa ma da dokarsa: lita ɗaya da rabi ko fiye, kurɓi-kurɓi, ba a haɗa shi da abinci, sai an yi minti 30 da gama ci. Da zafin Afrilu ya shigo na fara jiri, ɗaya daga cikin 'yan matanku ta karɓi gorata ta ja mata layuka da alƙalami, ta rubuta Azahar, La'asar, Magariba, Isha'i. Kafin kowace salla ruwan ya sauka zuwa layinta. Har yau gorar nake riƙewa zuwa makarantar da nake koyarwa.

Sau ɗaya na karya doka. A bikin 'yar yayata aka matsa min na sha rabin kofin zoɓo mai suga. Ba a jima ba gumi ya karyo min, zuciya na bugawa, ciki na murɗawa. Na kira lambar sashenku ina kuka, ga shi ranar Asabar. Wadda ta ɗauka ba ta yi min faɗa ba. Ta ce zaƙin ne ya wuce hanji da sauri, in kwanta, in bai lafa ba a kawo ni asibiti, ta kuma sake kirana da yamma ta ji yadda na yini. Haka da gashina ya fara zuba a wata na huɗu, kuka kwantar min da hankali cewa yakan faru kuma yana tsayawa, kuka tura ni gwajin jini, kuka tsara min shan bitamin B12 da D da maganin ƙarin jini da na ƙashi, tare da gargaɗin in raba na jinin da na ƙashin da awa biyu, kuma kada in sake in sha ibuprofen ba da sanin likita ba.

Azumin 2024 ya zo wata huɗu bayan aikin, likita ya ce kada in ɗauka. Abin ya taɓa min zuciya ƙwarai. Ba ku yi min fatawa ba, kuka ce hukuncin ramuwa na malamai ne. Da na 2025 ya zo aka ba ni izini, kuka zauna da ni muka rarraba ruwa da abinci daga buɗa-baki zuwa sahur, na kuma kai shi lafiya.

Akwai wani alherin da ba na mantawa. Surukata ta ɗaga hankali cewa ramewa nake, kullum da kwanon fura a hannunta. Kuka ce in zo da ita. Hajiya shugabar sashe ta gaishe ta har ƙasa, ta zana mata tumbin a takarda, ta ce, “Inna, ki taimaka mana, ke za ki riƙa tsare ta.” Yanzu Inna ce ke hana baƙi cewa in ƙara loma.

Bayan asuba ina tafiyar minti 30 a unguwa, an rage min maganin suga, goshina kuma ya koma ƙasa a sujada. Roƙona ɗaya: bayanin nan da kuke yi mana da baki, a buga shi da Hausa, domin matan da muke zama da su a benci da yawa ba sa karanta Turanci.

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan magabatanku, ya albarkaci zuri'arku. Ina nan tafe ranar da kuka ba ni, da sakamakon gwajin jinin.

Taku,
Wata malamar makaranta, Kano