Gyara kan shirinku na makamashi da sauyin yanayi

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Raina ya ɓaci da shirinku na daren Talata. Baƙonku ya gwama alƙaluman hukumar makamashi ta duniya, IEA, da na shirin sauya makamashi na Najeriya, da ya ga sun saɓa sai ya ce duk shaci-faɗi ne, mai gabatarwa kuma ya bar maganar ta wuce. Haba!

Rahoton IEA na 2021 daga inda ake son kaiwa ya faro: a ce a 2050 hayaƙin da ke ɗumama duniya da ake fitarwa bai wuce wanda ake zuƙewa ba, me ya wajaba a yi yau? Shi ya sa ya ce ba a buƙatar sababbin rijiyoyin mai da gas. Namu na 2022 kuwa 2060 ya nufa, ya kuma ɗauki gas a matsayin gadar tsallakawa zuwa makamashi mai tsafta. Tambaya biyu ce, dole a ji amsa biyu.

Manhajojin kwamfuta da ake fitar da irin waɗannan alƙaluma da su ma ba jinsi ɗaya ba ne. MESSAGE da TIMES hanya mafi arha suke lalubowa da kansu. LEAP kuwa yawanci kai za ka ce mata gidaje kaza sun bar itace sun koma tukunyar gas, ita ta lissafa maka hayaƙin.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin ruwa. Tashar sola kusan duk kuɗinta ranar gini ake kashewa, ta gas kuwa kullum tana cin kuɗin mai. Ɗauki bashin naira miliyan 100 na shekara 25: a ruwan kashi 5, irin wanda manyan manhajoji kan ɗauka, biyan shekara kusan miliyan 7 ne, a kashi 20 ya kai miliyan 20. Wane banki ne a Abuja zai ba ka rance a kashi 5? Sauya wannan lamba kaɗai, sai ka ga manhajar da ta zaɓi sola ta karkata ga gas.

Akwai kuma yadda ake yanka lokaci. Manhajar da ke aiki da matsakaicin shekara ba ta san ƙarfe bakwai na yamma ba, lokacin da rana ta faɗi, kowa ya kunna fanka da talabijin, don haka tana rage yawan batirin da za a saya. Manhajar REMIND kuma ta dunƙule Afirka kudu da Sahara wuri guda. Janaretocin kasuwar Wuse da buhunan gawayin da ake saukewa a Mararaba sun narke cikin lamba ɗaya. Wannan ne ya kamata baƙonku ya soka, da na goyi bayansa.

Don Allah idan an kawo muku alƙaluma, ku tambaya: wace manhaja, wace shekara aka nufa, ruwa nawa aka ɗauka?

Sannan tallace-tallace sun yi yawa. Ana tsakiyar bayani sai ku katse, masu kiran waya kuma ba a barinsu su kai aya.

Naku,
Mai sauraro daga Kubwa, Abuja