Masu ziyarar gidan yari su koyi yin tambaya

Ranka ya daɗe Edita,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Muna neman fili a jaridarka domin mu yi magana da 'yan'uwanmu na ikkilisiyoyi, zumuntar mata da ta matasa da fastoci, waɗanda ke kai ziyara gidajen gyaran hali da shinkafa da sabulu da Littafi Mai Tsarki. Aikin yana da kyau, Allah ya saka. Amma cikin waɗanda suke yi wa wa'azi akwai masu taɓin hankali da masu ciwon damuwa, har da wanda ya riga ya yanke shawarar kashe kansa, kuma yawancin maziyarta ba a taɓa koya musu yadda za su gane shi ba.

Haɗarin yana da lokuta. Mafi tsanani shi ne makon farko bayan an kawo mutum: kunya ta rufe shi, bai san ranar fita ba, idan kuma ya saba da tiramadol ko kodin ko barasa, jikinsa na rawa, barci ya ƙi zuwa. Sai ranar da aka dawo daga kotu da hukunci mai nauyi ko aka sake ɗage shari'a, sai ranar da labari ya zo daga gida cewa uwa ta rasu ko mata ta tafi. Kusan kashi biyu cikin uku na ɗaurarru a Najeriya 'yan jiran shari'a ne, kuma zaman da ba shi da ranar ƙarewa ya fi cin zuciya.

Wanda ya kamata a sa wa ido sau da yawa ba ya hayaniya. Shi ne wanda ya zauna can baya ya jingina da bango, kwanonsa na gefe abinci ya huce, ya daina wanka, ya ba wani bargonsa da silifas ɗinsa ya ce ba ya buƙata. Yakan ce "ku gaya wa yarana su yafe mini". Idan mutumin da ya yi makonni cikin baƙin ciki ya wayi gari fes ba tare da wani dalili ba, kada a yi saurin cewa an sami nasara, domin wani lokaci natsuwar wanda ya gama yanke shawara ce.

To, me za a yi? A ja shi gefe, a zauna, a tambaye shi kai tsaye: "Ɗan'uwa, kana tunanin kashe kanka?" Mutane na tsoron wannan tambaya, suna ganin za ta sa masa tunanin. Ba ta sawa, sau da yawa ma sauƙi yake ji. Idan ya ce i, a tambaya ko ya shirya yadda zai yi, ko ya taɓa gwadawa a baya. A saurara, kada a katse shi da aya ko a tsorata shi da wuta. Kada kuma a yi masa alkawarin rufa asiri. A ce masa, "Ranka ya fi mini muhimmanci, zan gaya wa ma'aikacin jinya." Kafin a bar gidan a ranar, a sanar da ɗakin shan magani da jami'in walwala, a roƙi a kwashe abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kwantar da shi cikin mutane tare da wani ɗaurarre mai hankali da zai lura da shi da dare. Kulle shi shi kaɗai ƙara wa wuta fetur ne, kuma ƙa'idojin Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, kan yadda ake riƙe ɗaurarru, sun hana keɓe mai taɓin hankali idan hakan zai tsananta ciwonsa.

Inda muka fi yin kuskure shi ne batun magani. Wani ya ji mutum na jin muryoyi, sai ya ce aljani ne, ya sa masa azumin kwana uku, ya ce ya ajiye ƙwayoyin maganinsa ya nuna bangaskiya. Bayan 'yan makonni ciwon ya dawo fiye da da. Maganin damuwa irin amitriptyline yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ga aikinsa, kuma a hannun ma'aikacin jinya ya kamata ya zauna, a riƙa bayar da na rana ɗaya. Idan mai shan haloperidol, wani maganin taɓin hankali, ya sandare ko miyau na zuba, likita ne zai gyara adadin. A yi addu'a, a kuma sha magani. Ikkilisiyar da ke da kuɗin buhun shinkafa tana iya sayen maganin wata uku, ko ta biya kuɗin mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri.

A Ayyukan Manzanni sura 16, gandurobar kurkukun garin Filibi ya zaci ɗaurarru sun gudu, ya zare takobi zai kashe kansa, Bulus ya ɗaga murya ya hana shi, ya tabbatar masa duk suna nan, koyarwa ta biyo baya. Kasancewa a nan ɗin ce ke da wuya: mutum ɗaya ya riƙa dawowa kowane mako ga ɗaurarre ɗaya, Kirista ne ko Musulmi, ya kira masa iyalinsa, ya bibiyi fayil ɗinsa a kotu, ya kuma tare shi a ƙofa ranar sallama, don makonnin farko a waje ma suna da haɗari.

Roƙonmu na ƙarshe ga 'yan majalisa ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma sashe na 231 na kundin Penal Code, dokar hukunta laifuka ta Arewa, ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Ɗaurarren da ya san haka zai ɓoye abin da ke ransa. A soke wannan sashe.

Mun gode da ba mu fili.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa da masu hidimar ziyarar kurkuku, Kaduna.