Rigakafi ma fa da lissafinsa

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili, ni malamin lissafi ne a sakandare kuma abin nan ya daɗe yana cina a rai. Duk sanda aka gama zagayen rigakafi sai mu ji an yi wa yara dubu kaza allura, to madalla, amma su wa aka yi wa, su wa aka tsallake?

Cuta ai cuɗanya take bi, kasuwa, tasha, gidan biki, makarantar allo. Masu lissafi sukan zana jama'a kamar ragar kamun kifi, kowane mutum ƙulli ne, kowace hulɗa zare, kuma in ka duba wani zarensa biyar ne wani kuwa ya fi ɗari, kamar direban tasha ko dillaliya mai shiga gida gida. A 2003 ma wasu masana suka nuna a lissafi cewa in allura ta yi kaɗan, ka tsayar da wasu mutane ba zaɓe ka ce kowa ya ambaci abokinsa sai ka yi wa abokin, don mai jama'a shi aka fi ambata.

Ɗauki ƙyanda, yaro ɗaya mai ita kan iya harbar mutum 12 zuwa 18, shi yasa ake neman a yi wa kashi 95 cikin ɗari rigakafi. Amma wallahi ko ƙaramar hukuma ta kai wannan adadi a takarda, in ragowar duk a unguwa ɗaya suke, rijiya ɗaya makaranta ɗaya, ai sai ta kama kamar wutar daji a can.

Kuma dabarar nan ba baƙuwa bace a ƙasarmu. A ƙarshen 1966 a gabashin Najeriya allurar agana ta ƙaranta, Dakta William Foege, wani likita Ba'amurke, bai bi kowa da kowa ba, aka riƙa nemo mai ciwon ana yi wa danginsa da maƙwabta da kasuwar da suke ci, cutar ta tsaya. Da irin wannan aka ci gaba har aka sanar da ƙarewar agana a duniya a 1980.

Roƙona ga hukumomin lafiya, su zauna da masu unguwanni da ungozomai da shugabannin tasha, su suka san wa ke shiga ina, a zana taswirar kowace mazaɓa kafin zagaye na gaba. Ɗaliban lissafi na jami'o'inmu ma za su iya wannan aikin in aka ba su bayanan.

Naku,
Malamin lissafi daga Zariya