Auren 'yar Biyetnam: yaya za mu yi da teburin kakanni?

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ƙanena, wanda ke harkar ƙwallon kashu a birnin Ho Chi Min da ke kudancin Biyetnam, yana neman auren wata 'yar Biyetnam. Ta musulunta, iyayenta kuwa suna nan kan al'adar gidansu ta girmama kakanni. Sun ba shi ita, da sharaɗin a bi matakan aure yadda aka saba a can. Bari in shimfiɗa wa Malam yadda abin yake, don a gane inda gizo ke saƙar.

Matakan uku ne. Na farko, dam ngo, gaisuwar iyaye ce: manya kaɗan, da shayi da ganyen trau da ƙwallon cau da suke taunawa, wato goronsu ke nan. Na biyu, an hoi, shi ne baiko, kuma nan ake kai kaya cikin farantai lulluɓe da jan ƙyalle. A arewa, wajen Hanoi, farantan 5 ne ko 7 ko 9. A kudu, inda iyayen yarinyar suke, 6 ko 8 ake kaiwa, kuma kuskuren ƙidaya kaɗai ya isa a ce dangin ango ba su san ya kamata ba. Samari marasa aure ke ɗauka, 'yan mata marasa aure daidai adadinsu su karɓa, su yi musayar jar ambulan mai ɗan kuɗi. A ciki akwai trau da cau, shayi, 'ya'yan itatuwa, jar shinkafa mai danƙo, wainar da suke kira ta miji da mata, sai giya da gasasshen alade. Dangin amarya kan mayar da wani kaso a matsayin tukwici, kuma da hannu ake rabawa. Sa wuƙa ko almakashi a wurinsu alamar rabuwar aure ce. Rana ma ba a tsayar da ita a watan bakwai na kalandarsu ta wata, watan fatalwa.

Giya da alade ba su dame ni sosai ba, ana iya cike gurbinsu da ƙarin shayi da kaji idan aka yi magana tun da wuri. Ladubbansu ma ba baƙi ba ne ga Bahaushe: miƙa abu da hannu biyu, yi wa manya tayi kafin a sa loma, surukin ya kira kansa con, wato ɗa, a gaban iyayen matarsa. Sai dai a kiyaye soka tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, don ya yi kama da turaren da ake kunna wa mamaci.

Matsalar tana ga mataki na uku, ruoc dau, ɗaukar amarya. Kusan kowane gida yana da tebur a wuri mafi daraja, da hotunan iyaye da kakanni da suka rasu, da kaskon turaren tsinke. A kudu ana kunna manyan kyandir biyu. Ango da amarya su tsaya gaban teburin, su kunna turare, su rusuna. A wasu gidajen har goshi ƙasa. A ganin iyayen, wannan sanar da kakanni ne cewa 'yarsu za ta bar gida, kuma surukin da ya ƙi yi ya raina asalinsu gaba ɗaya. Rajistar da aka yi a ofishin hukuma ba ta wadatar da su, auren bai ɗauru a zuciyarsu ba sai an tsaya a nan. Mu kuma mun san goshi ba ya taɓa ƙasa sai don Allah.

To Malam, ya halatta ƙanena ya tsaya a gaban teburin shiru, hannuwa a sake, mahaifin amarya ya kunna turaren shi kaɗai? Ita amaryar fa, da idon uwarta ke kanta? Sannan da wane lafazi za mu gabatar da uzurinmu tun ranar gaisuwa, ta bakin dattijon da zai jagorance mu, yadda ba za su ɗauke shi cin fuska ba?

Allah ya saka da alheri.

Mai sauraronku a kullum, daga Kano.