Wasiƙa kan kuɗin fanshon Baba

Mutumina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya iyali, ya sanyin can? Wata huɗu ko gaisuwar Juma'a babu, sai da banki ya taɓa fanshon Baba ka tuna da ni. Bazazzagi dai ba ya sauya hali. Na ga hotunan alat ɗin, na kuma saurari saƙon muryarka mai minti tara kan cire-ciren da ake yi a asusun Baba har ya koma ƙasa da sifili, wanda rabinsa Allah ya isa ne.

Ka hana ƙaninka zuwa ya ɗaga murya a gaban kantar banki. Yarinyar da ke zaune wurin ba ta da ikon mayar da ko kwabo, kuma banki ba zai tattauna asusun Baba da wani ba sai da Baba a wurin, ko da rubutaccen izininsa. Su tafi tare, da katin shaida da lambar BVN, su nemi sitatimen na wata goma sha biyu, a buga masa hatimi. Alat ba ya isa hujja, don yakan yanke bayanin da ke gaban kowace cira, alhali a wannan bayanin ne ɓarawon yake. A jadawalin cajin da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2020, buga sitatimen bai wuce naira 20 a kan kowane shafi ba.

In takardar ta zo hannu, a zauna da biro ja. Ƙananan cirar nan da suka fi ba ka haushi, yawancinsu halas ne a wurin doka: kuɗin alat, naira 50 ta kula da kati duk wata uku a asusun ajiya (a jadawalin 2020), naira 50 ta gwamnati a kan turin da ya kai dubu goma, da harajin kashi 7.5 da ake ɗorawa a kan cajin banki. Tun 1 ga Maris 2025 kuma, cira a na'urar ATM da ke harabar wani banki naira 100 ce a kan kowace dubu ashirin. Kada a ɓata tawada a kansu. Sai dai a duba wane irin asusu ne. Kuɗin kula da asusu, wato naira ɗaya a kan kowace dubu da ta fita a jadawalin 2020, na asusun karant ne kawai. In ya bayyana a asusun ajiya, a ja masa layi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne waccan babbar cira da ke zuwa adadi ɗaya, rana ɗaya, kowane wata. Irin wannan ba kuskuren kwamfuta ba ne, akwai wanda ke riƙe da izini. Ko dai bashi ne na bankin kansa, ko izinin cira kai tsaye da aka kafa ta dandalin biyan kuɗi na Remita ko na NIBSS, wanda kamfanonin bashin waya da na inshora ke amfani da shi, ko kuma wani ya saka lambar katin Baba a wata manhaja tana sabunta biya da kanta. Akwai kuma GSI, da ya fara aiki a Agustan 2020, wanda ke ba banki damar bin BVN ya kwashi bashin da aka kasa biya daga asusun mutum na wani bankin. Kowanne da maganinsa. In kati ne, a toshe shi ranar a karɓi sabo. In izinin cira ne, Baba ya rubuta a soke shi, ya kuma nemi kwafinsa: sunan mai karɓa, ranar da aka kafa, adadin, da ko sa hannu aka yi ko lambar sirri aka tura ta waya.

Nan fa sai ka yi haƙuri. Kafin a zargi kowa, a tambayi Baba shi kaɗai, ba a gaban jikoki ba, ko ya taɓa karɓar rance, ko wa ke riƙe masa waya in zai duba kuɗi. Dattijo kan ji nauyin faɗi. Kai ma da ka ci bashin gyaran Vespa shekara nawa ka ɓoye mana?

Af, ka ji an sa ranar auren autar su Hajiya? Bayan ƙaramar Sallah. An ce in gaya maka ba a karɓar uzurin tikiti wannan karon, kuma gudummawa a riyal ake so.

To, batun asusun da ya koma ƙasa da sifili har suke cajin obadiraf. Ga yadda yakan faru ga 'yan fansho: a ce ranar biyan bashi 25 ga wata ce, fansho bai shigo ba sai 3 ga wata mai kamawa. Na'ura ta cire abinta a kan lokaci, asusu ya rufta, ruwa ya fara hawa, a ɗora tara. Jadawalin 2020 ya ƙayyade tarar da kada ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari a wata a kan abin da ba a biya ba, ban da ruwan da aka yi yarjejeniya. Saboda haka a nemi takardar tayin bashin da Baba ya sa wa hannu, a gwada kowane adadi da ita. In bashin gaskiya ne, a roƙi a matsar da ranar cira zuwa bayan shigowar fansho. In kuwa sun kasa fito da takarda, a nemi a mayar da komai, har ruwan da tarar.

Takardar koke shafi ɗaya ta isa: suna, lambar asusu, kwanan wata da adadin kowace cira, abin da ake so a yi. Kwafi biyu, su buga hatimin karɓa a kan naku, kuma kada su fito sai da lambar bin sawun koken. Ba wannan lambar, to ba a yi koke ba, hira aka yi. Banki na da mako biyu, amma koke kan caji fiye da ƙima ko bashi yakan kai kwana talatin. In wa'adi ya cika shiru, ko amsar ba ta gamsar ba, sai a rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki, a haɗa da kwafin koken farko da lambar da sitatimen. Ana iya miƙawa a reshensu mafi kusa. Tun 2015 an sa iyakar shekara shida daga ranar cirar, don haka tsofaffin ma a lissafa su.

Kada ku yi fushi ku rufe asusun. Sauya inda fansho ke shiga sai ta hannun kamfanin fanshonsa, ko hukumar fansho ta PTAD in na tsohon tsari ne, kuma wata guda na iya faɗawa tsakani. Ka kuma ja wa Baba kunne, duk wanda ya kira ya ce daga banki yake zai mayar masa da kuɗi, ya karanto lambar da aka turo, ya kashe wayar.

Ka turo mini shafukan in sun karɓo, a rufe lambar asusun da takarda kafin a ɗauki hoto. Ka gai da Maman yara. Ita hular da ka ce ka ba wani ya kawo mini tun bara, a ƙafa yake tahowa ne?

Naka,
Bakanon da ka sani