Gwajin jini kafin aure: mu daina jira sai an kai lefe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan gwajin jinin da ake yi kafin aure don gano gadon cutar sikila, da yadda muke riƙon sakamakonsa a nan Sakkwato.

Ilimin ƙwayoyin halitta ya yi nisa ƙwarai. A watan Nuwamban 2023 Birtaniya ta amince da wani maganin sikila mai suna Casgevy, Amurka ta bi sahu a Disamba. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke samar da jini daga jikin majiyyaci, a gyara su da fasahar CRISPR, wadda ta sa Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka ci kyautar Nobel a 2020, sannan a mayar masa, jikinsa ya koma yin irin jinin da jariri ke yi tun yana ciki, wanda ba ya lanƙwashewa ya toshe jijiya. Amma kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, kuma kafin a mayar da ƙwayoyin sai an ba mutum magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, wanda kan iya hana shi haihuwa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, inda ake haifar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara. Uwar da ke kwana a kan tabarma a bakin ɗakin yara, tana gasa wa ɗanta ƙafa da tsumma mai ɗumi yana ihun ciwon ƙashi, ba ta da rabo a wannan maganin nan kusa.

Abin da ya iso hannunmu daga wannan ilimi shi ne gwaji, kuma alheri ne babba. Damuwata ita ce lokacin da muke yin sa. Sai an yi baiko, an sa rana, an kai lefe, 'yan uwa sun ɗinka anko, sannan a ce wa yara su je a duba jininsu. Idan takarda ta fito dukansu AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikila amma ba su da ciwon, me ake so su yi? Wasu su rufe ido a ɗaura, wasu a fasa, kafin magariba labari ya zagaye unguwa. Kuma galibi a kan yarinyar yake sauka. Sai ka ji ana cewa "ai tana da matsalar jini", manema su janye, alhali lafiyarta lau. Kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu a ƙasar nan AS ne. Idan ta auri mai AA, wanda ba ya ɗauke da gadon, ba za su haifi mai sikila ba. Ko mai SS ɗin ma, wato mai ciwon sikila, idan ya auri AA, 'ya'yansu AS za su zama.

Akwai kuma wani kuskuren fahimta da ke cutar da gidaje, musamman inda ake auren zumunci. Idan AS ya auri AS, yiwuwar haihuwar mai sikila ɗaya cikin huɗu ce, amma mutane kan ɗauka cewa wannan "ɗaya cikin huɗu" na nufin idan an haifi mai sikila guda, ukun da za su biyo baya sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki da nasa lissafin daga farko, shi ya sa za ka ga gida guda da yara uku suna fama. Wa zai zaunar da saurayi da budurwa ya fahimtar da su wannan? A wurare da dama miƙo takarda kawai ake yi ta taga, wani lokacin ma a hannun gwaggo ko kawu, a gaban jama'a. Sakamakon jinin mutum amana ce, kuma ya shafi iyayensa da ƙannensa, domin gado ne.

Jihar Kano ta kafa dokar tilasta gwaji kafin aure a watan Mayun 2024. Niyyar mai kyau ce, sai dai duk inda aka matsa wa mutane a ƙurarren lokaci, takardar bogi za ta samu kasuwa. A ganina a gwada jariri tun ana kai shi rigakafi, a rubuta a katinsa. Wanda aka samu da SS a fara kare shi da wuri daga zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka, a kuma sauƙaƙa wa iyaye kuɗin hydroxyurea, wanda ke rage yawan tashin ciwon. 'Yan sakandare su san rukuninsu kafin zuciya ta kamu da wani.

Ina kira ga Majalisar Sarkin Musulmi da limamanmu na Juma'a su faɗa wa jama'a ƙarara cewa AS ba aibi ba ne, kuma yaɗa sakamakon wani cin amana ne. Kai kuma Edita, don Allah ka gayyato likitan jini daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tare da malamin fiƙihu, su amsa tambayoyin iyaye a shafinka da Hausar da kowa zai gane.

Wassalam,
Wata uwa kuma malamar makaranta,
Mabera, Sakkwato.